Kwamfuta Ta Zana Enzayim, Amma Wa Zai Gwada Shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi 'yar magana kan rubutun da kuka buga a shafin kimiyya makon jiya, wanda ya bayyana yadda kwamfuta ke zana sababbin furotin. Na ji daɗinsa ƙwarai, don ba kullum ake samun wanda zai zauna ya warware irin wannan batu da Hausa ba. Marubucin kuma bai kauce ba a kan tarihi: lambar Nobel ta ilimin sinadarai ta 2024 David Baker ya ɗauki rabinta, Demis Hassabis da John Jumper suka raba sauran rabin saboda AlphaFold, manhajar kwamfuta mai hasashen siffar furotin. Inda na ajiye jaridar na yi tagumi shi ne sakin layin ƙarshe, wanda ya nuna kamar daga yau an gama da wahalar gwaji, mutum zai zauna gaban allo ya faɗi irin enzayim ɗin da yake so, a miƙo masa. Edita, da sauran rina a kaba. Shekara tara ke nan ina aikin inganta enzayim a ɗakin gwaji, kuma tambaya ɗaya ce ta cinye mini mafi yawan shekarun nan: a cikin miliyoyin da ke gabana, wanne ne ya yi aikin?

Ga wanda bai saba da kalmar ba, enzayim furotin ne mai hanzarta haɗuwar sinadarai ko rabuwarsu. Abin da zai ɗauki shekaru in an bar shi shi kaɗai, enzayim kan gama shi cikin ƙiftawar ido, ya fito lafiya lau ya kama na gaba. Suna cikin jikinmu, suna cikin garin sabulun wanki, suna cikin masana'antun magani. Sai dai an halicce su ne don aikin cikin ƙwayar halitta, wadda mu a ɗakin gwaji muke ce wa sel, mu kuma muna so su yi aiki a tankin masana'anta, cikin zafi, cikin sinadaran da ba su taɓa haɗuwa da su ba. Dabarar da ta buɗe ƙofar ita ce ta Frances Arnold ta jami'ar Caltech a Amurka. A 1993 ta ɗauki wani enzayim mai suna subtilisin, ta sa aka yi ta kwafar ƙwayar gadonsa, wato DNA ɗin da ke ɗauke da tsarin gininsa, da kurakurai da gangan, ta zuba kwafe-kwafen cikin bakteriya, ta duba wanne ya fi ƙoƙari cikin wani ruwan sinadari da ake kira DMF, ta ɗauki gwanin ta sake maimaita abin a kansa. Bayan 'yan zagaye ta samu wanda ya ninka na asali sau 256 a ruwan da kashi 60 cikin ɗari nasa DMF ne. Zaɓen iri ne irin na mai kiwo, sai dai a kwalba. A 2018 ta samu rabin lambar Nobel a kan haka. Da irin wannan hanya kamfanonin Merck da Codexis suka fito da enzayim ɗin da ake haɗa maganin ciwon suga na sitagliptin da shi, aikin da suka buga a 2010, bayan zagaye 11 da sauyi 27 a jikin furotin ɗin.

Kurakuran ba su da wuyar samarwa. Ɗalibin da ya yi wata guda da mu zai iya haɗa maka miliyoyin kwafe masu sauyi cikin mako. Dubawar ce bala'i. Ɗauki enzayim matsakaici mai amino asid 300 a jere, wato tubalan da ake gina furotin da su, waɗanda iri 20 ne. Kowane gurbi ana iya musanya shi da wasu 19, ka ga sauyi ɗaiɗai 5,700 ke nan. In ka ce sauyi bibbiyu kake so, lissafin ya haura miliyan 16. Mafi yawansu kuma lalata enzayim ɗin suke yi, ko su bar shi yadda yake. Mai amfanin allura ce cikin ruwa.

A shekarata ta farko da farantin roba mai ramuka 96 nake aiki, irin wanda asalinsa wani likita ɗan ƙasar Hangari, Gyula Takátsy, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1950. Da tsinken sakace nake ɗauko bakteriya ɗaya bayan ɗaya daga kan faifai ina tsomawa a kowane rami. Ranar da jiki ya yi daɗi nakan cika faranti goma, kusan dubu guda ke nan, babban yatsana na dama ya kwana yana zogi saboda danna fifet, ɗan bututun da muke ɗiban ruwa da shi. Wata rana na ɗauki biro na raba miliyan 16 da dubu, na ga shekara 44 ba hutun ko kwana ɗaya. Manyan kamfanoni masu injinan robot sukan duba dubun-dubata a rana, mai ƙarfin gaske ya kai dubu ɗari, amma shi ma sai ya haura wata biyar kan zagaye ɗaya tak, ga tulin sinadarai da robobi da zai ƙona.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a juye su duka a kwalba ɗaya a huta? Ana iya juyewa, ruwan ma zai canja launi, alamar akwai mai aiki a ciki. Amma abin da gwanin ya samar zai bazu ko'ina, ya lulluɓe rago da gwani baki ɗaya, ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Dukan sana'armu a kan wannan gaɓa ta rataya: dole abu uku su zauna a ɗaki guda har lokacin hukunci, wato ƙwayar gadon, da enzayim ɗin da ta haifar, da shaidar aikin da ya yi. Rami a faranti ɗaki ne, sai dai ɗaki mai tsada da cin wuri.

A 1998 Dan Tawfik da Andrew Griffiths, a Kambirij ta Ingila, suka nuna cewa ɗigon ruwa cikin mai ma ɗaki ne. Ɗigo mai faɗin maikuromita 30, wanda bai kai rabin kaurin gashin kai ba, yana ɗaukar kusan fikolita 14. Ruwan da ke cika rami ɗaya a farantina, maikurolita 100, ya isa a yi ɗigo kusan miliyan 7 da shi. A 2010 rukunin David Weitz na Harvard suka duba gwaji wajen miliyan 100 cikin awa 10, da sinadarin da bai kai maikurolita 150 ba. Ranar da na karanta wannan aikin na daɗe ina kallon yatsana.

Amma ɗigo ɗaki ne mara ƙofa. Da zarar mai ya rufe shi, ba ka da halin wanke abin da ke ciki, ƙara masa sinadari kuwa sai da dabara ta musamman mai saurin lalacewa. In abincin sel ɗin ya ƙare, ya ƙare. Wasu rinin da muke amfani da su don ganin aikin enzayim kan sulale ta cikin man su shiga ɗigon maƙwabci, ka dawo bayan awa shida ka tarar kowa yana haske daidai wa daida. Ga kuma babbar matsala: injin rarrabe sel da ake kira FACS, wanda kusan kowace babbar cibiyar bincike ke da shi, ruwa yake sha, ba ya shan mai. In kana son rarrabe ɗigo kai tsaye, sai ka gina injinka da hannunka, da leza da madubai da wutar lantarki mai ƙarfi, ka kuma samu wanda zai yi ta lallashinsa kullum.

A nan ne 'yan kafson haidirojel suka shigo, kuma su ne dalilin wannan wasiƙa. Haidirojel ruwa ne da aka ɗaure da zaren sinadari mai kama da raga, fiye da kashi 95 cikin ɗari nasa ruwa ne, amma yana tsayawa da siffarsa. Biyu muka fi amfani da su, duka daga ciyawar teku. Aljinet daga ciyawa mai launin ruwan ƙasa ake samunsa, kuma yana daskarewa ne da zarar ya haɗu da kalsiyam, wanda ke shiga tsakanin zaruruwan ya ɗinke su. Agaros kuwa daga jar ciyawa yake, ruwa ne in da ɗumi, ya daskare in ya huce. Ba sababbin baƙi ba ne a wurinmu. Tun farkon shekarun 1880 Fanny Hesse ta ba da shawarar a riƙa renon bakteriya a kan agar, wanda daga cikinsa ake fitar da agaros, aka ɗauka a ɗakin gwajin Robert Koch a Jamus. Thomas Chang na jami'ar McGill a Kanada ya buga aikinsa kan ƙananan kwanso masu barin wasu abubuwa su wuce su tare wasu a 1964, sannan a 1980 Franklin Lim da Anthony Sun suka naɗe sel masu samar da insulin cikin aljinet suka dasa wa ɓerayen gwaji masu ciwon suga. Abin da mu muka yi aro ne kawai: ragar da ke barin abinci da ƙananan sinadarai su shiga su fita, amma ta riƙe sel da DNA da manyan furotin, ita ce ɗakin da muke nema, mai ƙofa da mai gadi.

Bari in nuna maka yadda ake yi, don gani ya kori ji. A kan teburina akwai wani ɗan falle na roba mai garai-garai da ake kira PDMS, bai fi girman akwatin ashana ba, an manna shi a gilashi. A cikinsa an zana hanyoyi sirara waɗanda ido ba ya gani sosai, suna haɗuwa a wata mararraba. Sirinji ɗaya na turo agaros mai ɗumi gauraye da sel, wani na turo mai daga gefe biyu. A mararrabar man kan matse ruwan ya tsinke shi ɗigo-ɗigo, dubbai cikin daƙiƙa guda, kowanne girmansa ɗaya da ɗan'uwansa. Da ido ta madubin ƙara girma ba ka ganin komai sai wani layi mai duhu-duhu. Sai ka kunna kamara mai saurin ɗauka ka rage gudun hoton, sannan ka gan su suna fitowa a jere kamar an ja carbi. Duk tsawon lokacin idona na kan siririn tiyon da ke ɗauke da agaros, don in sanyin ɗakin ya kama shi zai daskare a hanya, aikin yini ya tashi a banza. Na taɓa naɗe tiyon da safar hannu cike da ruwan ɗumi ranar da abin ɗumamawar ya mutu. Ɗigon suna taruwa a wata 'yar kwalba da ke zaune cikin ƙanƙara, su daskare. Sai a zuba wani sinadari mai fasa haɗin ruwa da mai, a juya a injin juyi, a zubar da man, a wanke. Abin da ya rage 'yan dunƙulen jel ne suna yawo cikin ruwa zalla. A ba su abinci, a sa a na'urar ɗumi su kwana. Bakteriyar E. coli in ta samu yadda take so takan rabu biyu duk minti 20, don haka da safe sel ɗaya ya zama gungu. Ta madubi za ka ga ƙwallaye masu haske kamar ba komai, can-can ka ga ɗaya da wani ɗan curi mai duhu a tsakiya. Duk 'yan wannan curin ƙwayar gadonsu ɗaya ce, enzayim ɗinsu ɗaya ne, kuma saboda suna da yawa alamar aikinsu ta fi ta sel ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Na ce can-can, kuma da dalili. Ba mu ke zaɓar wane sel zai faɗa wane ɗigo ba, sa'a ce, kuma sa'ar tana bin lissafin da Siméon Poisson na Faransa ya rubuta tun 1837. In ka tsinka ruwan yadda kowane ɗigo zai samu sel ɗaya a matsakaici, kusan kashi 37 cikin ɗari za su fito wayam, kashi 37 su samu ɗaya, kashi 26 su samu biyu ko fiye. Waɗannan na ƙarshen guba ne, don rago ya sake samun mafaka a ɗakin gwani. Shi ya sa muke tsinkawa sosai, sel ɗaya ga ɗigo goma. A haka kashi 90 ba kowa ciki, kashi 9 na da ɗaya, masu biyu ba su kai rabin kashi ɗaya ba. Ma'ana duk wanda ya ce maka ya yi kafso miliyan goma, enzayim ɗin da ya gwada bai kai miliyan ɗaya ba. Ina roƙon wakilanku su riƙe wannan.

Aljinet ya taɓa koya mini hankali. Mun kwana uku muna haɗa kafso da wata ɗalibata, sun fito tsaf. Na ce ta wanke su ta ajiye a firij, na tafi gida. Da safe ta tare ni a bakin ƙofa, kwalba a hannu, ta ce, "Malama, wallahi ban gan su ba." Na ɗaga kwalbar ga haske, ruwa ne mai ɗan gurɓata, ba ƙwallo ko ɗaya. Na tambaye ta da me ta wanke. Da ruwan gishiri mai fosfet, wanda duk mai aikin sel ke wanki da shi tun ranarsa ta farko. Fosfet kuwa kwace kalsiyam yake yi, shi kuma sodiyam ɗin gishirin ya maye gurbinsa, ɗinkin ya warware cikin dare, miliyoyin sel suka gauraye wuri guda. Laifin nawa ne, don ban rubuta a takardar aiki ba, na ɗauka abu ne da kowa ya sani. Abin dariyar shi ne wannan raunin muke amfani da shi a ƙarshe: in mun ware gwanaye, ɗan sitiret ko EDTA muke zubawa, su ma masu kwace kalsiyam ne, kwanson ya narke, sel su fito a raye. Agaros kuma akwai enzayim ɗin da ke cinye shi, ana ce masa agares.

Ranar rarrabewa sai ka ɗauki kwalbarka ka nufi wurin mai kula da injin FACS, kana addu'a. Injin na jera kafson ɗaya-ɗaya cikin siririn ruwa, su gifta ta gaban leza. Tun farko mun ba su wani sinadari da ba ya haske sai enzayim ya yanka shi, don haka mai aiki zai yi ƙyalli kore. Injin ya auna ƙyallin, ya ɗora wa ɗigon da ke ɗauke da shi cajin lantarki, ya karkatar da shi zuwa wata kwalba daban, dubbai cikin daƙiƙa. Bakin da ruwan ke fita maikuromita 100 ne a namu, kuma ƙa'ida abin da za ka tura kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na bakin. In kafso biyu suka manne suka toshe shi, aikin duk wanda ya yi layi a bayanka ya tsaya. Sau ɗaya na manta ban tace da rariyar maikuromita 40 ba. Mutumin bai ce mini uffan ba, ya dai ɗauki awa guda yana wanke bakin injin, ni kuma ina tsaye kamar an dasa ni. Tun daga ranar sau biyu nake tacewa.

To Edita, ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne abin da na fi son masu karatu su ji. Kafso ba ya ƙarya, amma tambayar da ka yi masa ita yake amsawa, ko da ba ita ce a zuciyarka ba. A shekarata ta biyar na yi wata huɗu ina inganta wani enzayim mai yanka wani sinadari da ake kira esta. Zagaye huɗu, kowane zagaye haske na ƙaruwa. A na huɗun sai da muka rage ƙarfin ma'aunin injin saboda ƙyallin ya yi yawa. Har na fara tsara yadda zan rubuta sakamakon. Muka fitar da gwanin, muka karanta ƙwayar gadonsa, muka tace furotin ɗin shi kaɗai, muka ba shi ainihin sinadarin da ake son ya yanka a masana'anta, wanda ba shi da rini a jikinsa. Bai fi na asali da komai ba. In ma an matsa, ya ɗan gaza shi. Na sake gwadawa sau uku ina cewa ko ma'aunin ne. Daga baya muka gane abu biyu. Na farko, sinadarin gwajin namu na ɗauke da wani ƙaton rini a gefe, sauye-sauyen da muka tara kuwa sun gyara wa rinin wurin zama ne, enzayim ɗin ya ƙware wajen yanka abin gwaji, ba ruwansa da abin da muke nufi. Na biyu, wasu daga cikin masu hasken ba su fi kowa iya aiki ba, sel ɗinsu ne ke samar da enzayim da yawa, taron raggaye ya rinjayi gwani ɗaya. Masu wannan sana'a suna da wata magana da suke kira dokar farko, ana jingina ta ga Arnold, ma'anarta abin da ka tantance shi za ka samu. Na san maganar tun ina ɗaliba, na ma taɓa rubuta ta a jarrabawa, amma sai a ranar ta shiga jikina.

Gyaran da muka yi bai da wani armashi. Mun liƙa wa kowane enzayim wata alama mai jan haske don mu san yawansa a kafso, muka koma zaɓe da kore a kan ja maimakon kore kawai. Sannan duk zagaye, ɗari biyu ko uku da suka fi fice sai na mayar da su farantin nan mai ramuka 96, in gwada su da sinadarin gaske. Tsinken sakacen da na yi wa ban kwana ya dawo aljihun rigata.

Akwai waɗanda suka yi wa kafson dabarun da har yau suke burge ni. Ƙaramin rini yakan zurare ta ragar jel kamar yadda ya shiga, don haka ko dai a ɗaure masa doguwar jela ya kasa fita, ko a ƙara wa ƙwallon bango. A 2014 rukunin Florian Hollfelder a Kambirij suka fito da ƙwallon agaros mai kwanso, inda sinadarai biyu masu caji kishiyar juna ke haɗuwa su yi fata a bayansa, ta riƙe enzayim da DNA ɗinsa ko bayan an fasa sel ɗin. Da shi suka inganta wani enzayim mai karya gubar maganin ƙwari, kuma da injin FACS na kowa da kowa suka rarrabe. Wanda ya fi kwanta mini a rai kuwa na rukunin Michael Nash ne a Basel ta Suwizalan. Su ba sa naɗe kowa. Sukan sa sel ɗin yis, irin na kumbura burodi, ya ɗauki enzayim ɗin a bayansa, irin enzayim ɗin da in ya yi aiki yake fitar da haidirojin feroksaid. A cikin ruwan akwai aljinet da aka gyara aka kuma sa masa rini, da wani enzayim na biyu da ke amfani da feroksaid ɗin ya ɗinke aljinet. Sel ɗin da ya yi aiki sai ya gina wa kansa riga mai haske, rago ya zauna tsirara. Ba roba mai hanyoyi, ba lissafin Poisson, ba mai. Rashin man nan ma ba ƙaramin abu ba ne, don man da yawancinmu muka saba da shi na dangin sinadaran PFAS ne masu daɗewa ba su ruɓe ba, kuma a Disambar 2022 kamfanin 3M mai yin man ya sanar cewa zai daina yin su zuwa ƙarshen 2025. Sai dai dabarar ta tsaya ne kan enzayim masu fitar da feroksaid, ko waɗanda za a iya ƙulla aikinsu da shi. Haka abin yake ko'ina: in ba ka da hanyar mayar da aikin enzayim haske ko girma ko wani abu da inji zai gani, kafso biliyan ma ba zai amfane ka ba, kuma yawancin abin da masana'antu ke so ba ya ƙyalli.

Kada a ɗauka ina gaba da kwamfuta. Ina amfani da AlphaFold kusan kowane mako, ya kuma rage mini wahala sosai wajen sanin wane gurbi ya kamata in taɓa. Amma siffar furotin daban, saurin aikinsa daban. Sauyin amino asid ɗaya, wani lokaci ma nesa da wurin da ake yankan, kan ninka aiki ko ya kashe shi, alhali hoton da kwamfuta ta zana bai canja ba ko kaɗan. Enzayim ɗin da aka zana daga tushe sau da yawa da rauni suke fitowa, sai an bi su da zagayen zaɓe kafin su zama abin kirki. Kuma ita kwamfutar da me take koyo? AlphaFold da siffofin da mutane suka kwashe shekaru hamsin suna aunawa ɗaya-ɗaya ya koya. Irin wannan taska ta ma'aunin aiki ba mu da ita da yawa tukuna. Yanzu a ɗakinmu ba gwanaye kaɗai muke ajiyewa ba. Mukan raba kafson kwalba huɗu, daga marasa haske zuwa masu ƙyalli, mu karanta DNA ɗin kowace kwalba, mu samu jerin dubban sauye-sauye kowanne da makinsa. Raggayen da dā nake zubarwa a bokitin bilic, yau masu kwamfuta har bina suke in ba su.

Roƙona ga shafin kimiyya ɗaya ne. Duk ranar da labari ya zo cewa an ƙirƙiro enzayim mai cin robar kwalba ko mai haɗa sabon magani, wakilinku ya nemi sanin guda nawa aka gwada kafin a kai gare shi, kuma da ainihin sinadarin aka gwada ko da mai rini. Amsar na nan a takardun binciken, galibi can baya inda ake bayanin hanyar aiki. In kuma marubucin rubutun makon jiya yana so, adireshina na hannunku. Ranar Talata muke haɗa kafso, ranar Laraba da safe ake ganin curin. Ya zo da rigar da ba ya tsoron ta ɓaci, akwai kujera ɗaya a gefen madubin.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Taku a kullum,
Wata mai karatu, ma'aikaciyar ɗakin gwaji